Masana'antun Kano Daga Gona Suka Faro

Duk wanda ya nemi a nuna masa tarihin Kano a matsayinta na birnin sana'a, wurare biyu ake kai shi. Na farko marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Na biyu unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda manyan ƙofofin ƙarfe da dama suke garƙame, wasu gine-ginen kuma an mai da su ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje. Daga nan ake gina labarin da kowa ya haddace, wai a da muna da masu sana'ar hannu, sai inji ya zo ya yi zamaninsa, sannan rashin wutar lantarki da kayan ƙasar Sin suka kashe shi. Labarin ba ƙarya ba ne, amma a bakin ganuwa ya tsaya. Abin da nake son kafawa shi ne ƙarfin Kano bai taɓa zama a cikin birni kaɗai ba. Yana wurin manomin auduga na Zamfara da Zazzau, da mai noman baba, da matar da ke kaɗi a tsakar gida, da mai kiwon jar akuya a garuruwa irin su Jabo da Tambuwal da Kebbe, a kudancin Sakkwato. Duk lokacin da birnin ya riƙe waɗannan mutane da kyau, sana'arsa ta bunƙasa. Duk lokacin da aka raba shi da su kuwa ta durƙushe, ko da injinan da ke cikinsa sababbi ne fil.

Sana'a a Kano ta girmi sarautar da muka sani. Masu haƙar kayan tarihi sun samo alamun narkar da tama a Dutsen Dala da suka kai ƙarni na 7, labarin gargajiya ma yana danganta asalin garin da maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman dutsen ƙarfe. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi. Sai dai ba Kano ce kaɗai mai hannu ba a wancan lokaci. Hasan al-Wazzan, marubucin nan da ya tashi a Fas, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa a Gobir akwai masaƙa da dukawa masu yin takalman da ake kaiwa har Tumbuktu da Gawo. Gwaninta ta watsu a ƙasar Hausa duka. Abin da Kano ta fi kowa iyawa shi ne tattara aikin wasu, ta ƙarasa shi, ta sa masa sunanta, ta nemo masa mai saye a nesa.

A ƙarni na 19 wannan iyawa ta kai ƙololuwa, kuma dalilin a fili yake. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya haɗa ƙasashen da suka daɗe suna yaƙar juna a ƙarƙashin tuta ɗaya, daga Gwandu har Adamawa, da kuɗi iri ɗaya, wato wuri, da shari'a ɗaya da ɗan kasuwa zai kai ƙara gabanta. Shugabannin daular kuma sun san inda arziki yake. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, Muhammadu Bello ya hori mai mulki da ya kula da manoma da maƙera da marina da maɗinka da sauran masu sana'a, ya rarraba su a kowane gari da ƙauye, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. A lura, bai ce a tara su a birni ba. Da Heinrich Barth, Bajamushen da mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, ya ƙiyasta mazaunanta 30,000 ne, suna ninkawa a lokacin fatauci, ya kuma ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga cikinta a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ya ce ana kai su Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da Tumbuktu a yamma, har gaɓar Tekun Atlantika. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, Baturen Ingila Charles Robinson ya zo ya kwatanta Kano da Mancesta, birnin masaƙun ƙasarsu, ya ce ita ke tufatar da fiye da rabin mutanen yankin da a lokacin ake kira Sudan ta Tsakiya. Tambayar da ya kamata a yi a nan ita ce, ta yaya gari mai mutum 30,000 zai tufatar da miliyoyi da hannu?

Amsar tana cikin tafiyar zane guda ɗaya. Manomi ya noma auduga a ƙauye, fatake suka ɗauko ta a jaki. Mata suka gurje ta da ɗan ƙarfe a kan dutse suka fitar da gurya, suka shiɓe ta, suka kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa. Wannan aiki na kaɗi shi ya fi kowane cin lokaci, domin sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya sami abin da zai ishe shi, kuma kusan duk a cikin gida ake yin sa, a tsakanin daka da girki. Masaƙi, wanda da damina manomi ne, ya zauna a gindin bishiya da rani, ya ja zarensa mai tsawo ya ɗaure a jikin kunkuru, yana jefa ƙoshiya yana taka ƙafa, ya fitar da ƙwarya siririya wadda wani lokaci faɗinta bai wuce yatsa biyu ba. Maɗinki ya haɗa ƙwaryoyin suka zama zane ko rawani. Sannan aka kai karofi. Marini ya zuba ruwa a rami, ya sa baba da toka da katsi, ya bar shi kwanaki yana motsawa da doguwar muciya har ya nuna, kumfa ta taso. Ya tsoma zanen, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, sau da yawa, har launin ya kama ya yi baƙi ƙirin. Daga nan sai mabuga, su shimfiɗa shi a kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa da manyan sanduna har ya ɗauki ƙyallin da Buzaye ke biyan kuɗi mai tsoka saboda shi. Kafin zanen ya isa hannun dillali a Kurmi, ya ratsa hannun mutum bakwai ko takwas, kuma mafi yawansu ba su taɓa kwana cikin ganuwa ba.

Ko rinin kansa ba a birni ya fi yawa ba. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 akwai ramukan rini tsakanin 15,000 da 20,000 a ƙasar Kano, kuma mafi yawansu a garuruwan karkara suke. Kura ce ta fi shahara, har sunanta ya bi turkuɗi da rawanin da ake kaiwa Azbin. Shea ya kuma nuna wata dabara da marinan suka ƙirƙiro da kansu. A da a manyan tukwane ake rini. Sai suka gano cewa idan aka ƙona katsin da ke kwantawa a gindin rami, aka daka, aka cuɗa shi da gashin dabba da ruwan dafara, yana zama laso, abin shafe mai hana ruwa yoyo. Da laso suka iya haƙa ramuka masu zurfi da suka ninka tukunya sau da yawa, kuɗin rini ya sauka, har ya zama masaƙan wasu ƙasashe sun gwammace su aiko da farin zanensu Kano a rina a buga. Wannan ci gaban fasaha ne na gaske, kuma sharar sana'ar ce ta zama kayan gininta. Wanda ke cewa sana'ar gargajiya tsaye take wuri ɗaya ba ta canzawa, bai duba wannan ba.

Fata ita ce ta fi shafar mutumin kudancin Sakkwato kai tsaye. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, tana da fata mai laushi da ƙarfi da ƙananan ƙofofin gashi, irin wadda masu aikin fata na duniya ke nema. Majemi yakan jiƙa ta a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare a kan turmi, ya wanke, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa ta kwana tana sha har ta jemu. Ya shafa mata mai, ya murza, ya rina ta ja da karan dafi. Akuyar ta ƙauye ce, bagaruwar ta bakin fadama ce, karan dafin kuma daga gona. Ayarin raƙuma ke ƙetara hamada da waɗannan fatu zuwa Arewacin Afirka, daga can su shiga Turai, inda wasunsu suka shiga kasuwa da sunan fatar Maroko, aka yi ta yi wa littattafai masu daraja bango da su. Kasuwar Jega, wadda ta bunƙasa a ƙarƙashin Gwandu a ƙarni na 19, da hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa can, suna cikin magudanan da kayan wannan yanki ke bi su haɗu da babban fatauci. Matar da ta ɗaure 'yar akuya a bayan ɗaki tana cikin wannan masana'anta, ko da ba ta san sunan Tarabulus ba.

A nan wani zai ce ina yabon zamanin da bai cancanci yabo ba, domin wani kaso mai yawa na audugar da babar bayi ne suka noma su a rinji da gandayen sarakuna da attajirai, kuma bayi mata sun yi kaɗi ba da son ransu ba. Wannan gaskiya ce, kuma bai halatta a rufe ta ba. Arhar tufafin Kano tana da alaƙa da gumin mutanen da aka kamo aka raba da danginsu, kuma duk tarihin sana'ar da ya ambaci attajiri ya manta da su ya ci amanarsu. Amma wannan hujja ba ta rushe maganata ba, sai ma ƙara nuna inda nauyin yake. Attajiran wancan zamani sun zuba dukiyarsu a gona da ƙauye saboda sun san daga can ne ribar Kurmi ke fitowa. Bautar abin ƙi ce, kuma ta tafi. Sanin cewa birni ba ya sarrafa abin da ƙauye bai noma ba, shi ne bai kamata ya tafi tare da ita ba.

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma sun zo da nasu lissafin. Kamfanin auduga na BCGA, wanda masu masaƙun Lankasha suka kafa a 1902, ya sa ran Arewa za ta zama gonarsa, kuma wannan buri yana cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo ya iso Kano a 1911. Abin da ya biyo baya shaida ce babba. Shekaru da yawa kamfanin ya kasa samun audugar da yake so a ƙasar Kano, domin masaƙan gida suna biyan manomi fiye da farashin Bature. Manoma kuma suka karkata ga gyaɗa, wadda ake iya ci idan kasuwa ta faɗi, aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. Wato sana'ar hannu ba faɗuwa ta yi rana ɗaya ba, ta yi kokawa. A hankali aka ci ƙarfinta, ta hanyar harajin da sai da kuɗin Bature ake biya, da kasuwannin auduga na hukuma, da injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau masu ɗaure auduga a tura ta bakin teku, da shunin kanti da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, wanda ya rage wa mai noman baba kasuwa. Fata ma aka koma sayenta ɗanya, a shanya a loda a jirgi, a jeme ta a Turai. Ƙauye bai daina samarwa ba, amma yanzu kayansa ratsa Kano suke yi su wuce.

Zamanin masana'antun inji ya fara gyara wannan ɓaraka, kuma ya kamata a yi masa adalci. Tun wajen ƙarshen mulkin mallaka aka fara kafa injinan matsar gyaɗa da majemun zamani a Kano, 'yan kasuwar gari kuma suka haɗa jari suka buɗe masaƙa a Gwammaja. Gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau, madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran Kano cikin harkar, aka sami masaƙar Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da masaƙar Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi. Dubban matasa daga Sakkwato da Katsina da Borno suka sami aikin albashi a Bompai da Sharaɗa. Amma masana'antun nan iri biyu ne, ko da yake katangarsu iri ɗaya ce. Akwai masu sarrafa abin da ƙasar ke fitarwa, auduga da gyaɗa da fata. Akwai kuma masu haɗa sassan da aka ƙera a waje, kekuna da manyan motoci da kayan roba, waɗanda ransu ke hannun kuɗin fetur da arhar dala.

Masu cewa wutar lantarki da kayan Sin ne suka kashe Kano suna da hujja, ban raina ta ba. Masaƙar da ke ƙona gas a janareta ba za ta yi gasa da wadda ke samun wuta dare da rana ba, kuma atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya ta kan iyakar Nijar ta cika kasuwar Kantin Kwari. Sai dai a duba jerin shekarun. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun rushe noman gyaɗa, injinan matsa suka rasa abin matsa tun wuta tana da sauran mutunci. Kuɗin fetur ya janye hankalin hukuma daga gona, noman auduga ya yi ta ja baya. A 1986 tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, ya kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona ba tare da an kafa abin da zai maye gurbinsu wajen raba iri mai kyau da tantance auduga ba. Masu haɗa sassa suka fara faɗuwa saboda dala ta fi ƙarfinsu, masaƙu kuma suka rasa auduga mai inganci a ƙofar gida. Kayan Sin ba su yi ambaliya ba sai a ƙarshen shekarun 1990 da bayansu, KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar daga gona ta faro.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ƙaddarar zamani ce, inji dole ya kashe hannu, babban inji kuma ya kashe ƙarami, ai Mancesta ma masaƙunta sun rufe. Ba ina kiran a koma ga mazari da ƙoshiya a tufatar da mutum miliyan ɗari biyu ba ne. Abin da nake cewa a duba shi ne waɗanne masana'antu suka rayu a cikin wahalar da ta kashe sauran. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, ya sha rashin wuta kamar kowa, ga kuma rashin layin dogo, ya yi ta tangal-tangal, amma bai mutu ba, har kamfanin BUA ya faɗaɗa shi, domin dutsen da yake ƙonawa a ƙarƙashin ƙafarsa yake. Injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano da Birnin Kebbi da Argungu a daidai lokacin da noman shinkafa ya ƙaru, kuma da zarar shanshera ta yi tsada ko ta yi ƙaranci sukan tsaya cik. Kura kanta, garin turkuɗi, yau da shinkafa aka san ta, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako. Majemun Challawa da Sharaɗa su ma suna cikin waɗanda suka fi daɗewa suna numfashi, saboda akuya ba ta daina haihuwa a ƙauye ba.

To amma fatar ma ana yi mata sakacin da aka yi wa auduga. Mahaucin da ke fiɗa cikin gaggawa da wuƙa mai tsini yakan huda ta, kuma huda ɗaya ta isa ta sauke ta daga daraja ta farko. Mai tarawa a kasuwar ƙauye, idan gishiri ya yi masa tsada, sai ya rage, fatar ta fara ruɓewa kafin ta isa Kano. Ƙazuwa da ƙaya suna ɓata ta tun akuyar tana raye. Jar akuyar kanta tana gaurayuwa da wasu iri ba tare da kulawa ba, alhali a Maraɗi tun shekarun 1960 aka kafa cibiyar kiyaye irinta. Fatar shanu kuwa kaso mai yawa a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda. Abin da ya tsira ya isa majema, galibi jemammiyar fata ake fitar da shi zuwa Italiya da Sifaniya, a can a yanka jaka da takalmi, a can babbar ribar ke zama, mu kuma a bar mana ruwan sinadarin jima yana gangarawa Kogin Challawa. Gyaran marinar Ƙofar Mata domin baƙi masu yawon buɗe ido abu ne mai kyau, ina goyon bayansa. Amma hukumar da ke son majemun Kano su ci gaba da aiki, su kuma haifar da masu ɗinkin takalmi da jaka a gida, aikinta yana farawa ne a mahautar Tambuwal da kasuwannin Kebbe: a koya wa mahauta fiɗa da wuƙa mai lanƙwasa, a sauƙaƙa gishiri, a kai likitan dabbobi, a kuma sa bambancin farashi tsakanin fata mai kyau da mai huda ya isa hannun wanda ya yi kiwon akuyar.